Mijinyawa Ya Wanke Haruffa

A shekarar da damina ta yi wa mutane sallama tun gero bai kai gwiwa ba, sojoji kuma suka wayi gari bisa kujerar mulki, akwai wani mutum a unguwar Bukoki ta birnin Yamai da ake kira Mijinyawa Daktilo. Shekara ashirin da shida ya yi yana buga takardu da keken rubutu a wata ma'aikata, har ranar da aka kwashe kekunan aka zuba a sito, shi ma aka ba shi takardar godiya da sallama, wadda shi da kansa ya buga.

A fadar shayin da ke ƙofar shagon Tanimu tela babu wanda bai haddace tarihin yatsun Mijinyawa ba. Ya ce ya taɓa buga wani jawabi da sauri har keken ya kama hayaƙi, aka yi ta yi masa fifita da kwali. Ya ce yana iya bugu da hannun hagu yana cin kopto, wato kwaɗon zogale, da na dama, kuma ba ya kuskure a ko wanne. Tanimu yakan ce shi dai na kopton kawai ya gani da idonsa, kuma ya shaida babu kuskure.

To, a bana gidan Mijinyawa ya cika. Fari ya koro masa dangi goma sha ɗaya daga wani ƙauye a wajen Dogon Dutsi. Jagorarsu Gwaggo Hamsatu ce, ƙanwar mahaifinsa, gajeriyar tsohuwa mai idon shaho, ta zo da ragonta guda da ya rage mata, wanda ake iya ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin titi. Buhun geron da ke kai wata ya koma ba ya wuce kwana tara. Saboda haka da Mijinyawa ya ji wata ƙaramar jami'a mai zaman kanta a unguwar Talladjé tana neman mai kula da sabon ɗakin ordinater, wato kwamfuta, ya sa babbar rigarsa ya tafi. Aiki ne mai albashin da zai riƙe tukunya, ɗakin kuma akwai kilim mai busa iskar sanyi, a watan da kwalta ke kama takalmi.

Ya shaida wa darakta cewa ordinater jikanyar keken rubutu ce, wanda kuwa ya yi renon kaka jika ba za ta gagare shi ba. Darakta ya ba shi mabuɗi da gwaji, daga Laraba zuwa Litinin. Ranar Litinin ɗalibai za su zauna darasin farko, kuma wani kwamandan soja zai zo ya gani da idonsa cewa na'urori goma sha biyun da aka ba makarantar kyauta daga waje ba su yi ƙafa ba. In duk suka buɗe, aiki ya zama nasa. In ba su buɗe ba, ya ajiye mabuɗi.

Malamar darasin, Madam Aïchatou, ta yi masa bayani kafin ta tafi Dosso bikin ƙanenta. Ta ce darasin ba irin na danna hotuna ba ne. Baƙin allo ne kawai da ɗan farin layi yana ƙiftawa, mutum ya rubuta wa na'ura gajeren umarni, ita kuma ta amsa. Aikinsa ya share ƙura, ya jona kowace da kuran, wato wutar lantarki, ya kunna, ya rubuta suna da kalmar sirrin da ta rubuta masa a takarda. In ya ga ta buɗe tana jiran umarni, ya kashe ya wuce ta gaba.

"Shi ke nan, Baba Mijinyawa. Don Allah kada ka ƙara komai," in ji ta.

Ya ce ta je ta ci biki da kwanciyar rai, lokacin da ya fara wannan sana'a ba a ma yi mata zanen suna ba. Tana fita ya ninke takardar ya mai da ita mafici, ko da yake kilim na aiki.

Ya kunna na'ura ta farko, baƙin allo ya nemi suna. Mijinyawa dai bai taɓa shiga ofis ya jefa sunansa kamar ɗan tasha ba. Ya gyara zama ya rubuta cewa yana da alfarmar gabatar da kansa cikin matuƙar ladabi da girmamawa, yana fatan an tashi lafiya, yana kuma roƙon a dubi buƙatarsa da idon rahama. Layi uku cif. Na'ura ta amsa da kalma ɗaya, tana neman kalmar sirri. Ya girgiza kai ya ce ko sojan da ke bakin gada yana amsa gaisuwa kafin ya nemi takardu.

Ya sake daga farko, ya rufe ido kamar yadda ya saba, ya buga sunan. Da ya buɗe sai ya ga inda ya nufi A an sa masa Q, inda ya nufi Z an sa W. Ya duba kilabiye, wato allon da haruffan ke jere a kai, ya ga ba jerin da yatsunsa suka sani ba ne. Ya daure ya bi da yatsa ɗaya, ya zo kan kalmar sirri. Ya danna, allo bai nuna komai ba. Ya ƙara ƙarfi, shiru. Ya buga da ƙarfin da yake buga kwafi biyar da takardar kabon, ko ɗigo bai fito ba. Ta biyu haka, ta uku haka, har ta goma sha biyu.

Nan take ya gano ciwon. Masu kyautar sun jera haruffa a hagunce, doguwar tafiya kuma ta sa sun ƙame. Duk daktilon da ya san aikinsa ya san magani: a cire, a wanke da kananzir, a shanya, a sa mai, a mayar. Ya ari cokali wurin mai gadi, ya shiga ɓamɓarewa. Kafin la'asar kilabiye goma sha biyu sun zama kamar bakin tsoho, haruffa fiye da dubu suna cikin bokiti ɗaya.

A hanyar gida sojoji suka tsayar da faba-faba, ƙaramar bas ɗin haya da ya shiga. Wani ya cusa hannu a bokiti ya ɗebo, ya tambayi mene ne. Mijinyawa ya ce haruffa ne. Sojan ya jujjuya su a tafinsa, sannan ya ce mutumin da ke yawo da haruffa masu yawa haka yana iya rubuta komai a kan kowa. Sai da Mijinyawa ya rantse cewa alheri kawai zai rubuta, fasinjoji suka sa baki, sannan aka sake shi, bayan sojan ya riƙe guda uku shaida.

Ranar Alhamis ya wanke su tas a cikin kwanon wankin maiɗakinsa Balkisa, ya baza a tabarma tsakar gida, ya gargaɗi kowa, ya shiga ɗaki ya ɗan miƙe. Bai gargaɗi ragon Gwaggo ba. Dabbar da ta cinye kwali, ta cinye igiyar shanya, ta fara gwada ƙofar langa-langa, ba za ta ga abu baje a tabarma kamar wake ta tsaya tambaya ba. Ƙarar taunar ce ta tashe shi. Ya fito da wuƙa yana cewa a yanka yanzu a ciro kayan gwamnati.

Gwaggo Hamsatu ta tsaya tsakaninsa da ragon, ta riƙe ƙugu.

"Ragon da ya tsallake fari ba zai mutu saboda boko ba. Abin da ya shiga zai fito, ka yi haƙuri ka bi shi."

Haka kuwa aka yi. Duk safiyar Juma'a mutanen Bukoki sun ga Mijinyawa Daktilo da babbar riga yana bin rago da rariya daga lungu zuwa lungu. Mata suna leƙowa ta katanga suna yi masa sannu da aiki. Wata ta tambaya ko sabon aikin ke nan, ya ce bincike ne. Cikin ashirin da wani abu da ragon ya haɗiye, biyu suka fito, ɗaya a tauna.

Bayan an sauko daga Juma'a ya biya fada don ya huce, sai ya tarar ana dara, kuma 'ya'yan darar baƙaƙe ne masu kusurwa huɗu. Tanimu ya ce ya shiga gidan jiya gaishe da baƙi, ya ga an shanya, ya ɗan ɗebi cikin hannu, tun da duwatsu zafi suke yi a wannan rana. Mijinyawa ya ce wannan sata ce ta kayan ilimi. Tanimu ya ce ilimin da rago ya ci ya narke ai kowa ma yana iya taɓawa. Mijinyawa ya ce tela ba ya sanin darajar harafi, tun da awonsa ma da tsinke yake yi. Tanimu ya ce to ya jira a ƙare wannan wasa, don F ɗinsa na gab da cin wani. Da aka ƙare aka mayar masa, ban da waɗanda suka nutse a rairayi.

Ya koma gida ya iske Gwaggo zaune da faifai, ta tsince haruffan kaf kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ta tara kowane iri tsibi guda. Ba ta san ko bihim ba, amma ta ba kowanne suna: ga mai ciki, ga tsani, ga maciji, ga ƙugiya. Ta ce ta lura kowane iri goma sha biyu ne in ban da waɗanda suka ɓata, ke nan rabo ne kamar naman watanda, kowane gida ɗaya-ɗaya. Ta ce ya ɗaure kowane kashi a ƙyalle dabam.

Ya yi murmushin manya ya ce, "Gwaggo, wannan ba watanda ba ce, kimiyya ce." Ya kama bakin tabarma ya juye duka cikin bokiti.

Don kuwa a lokacin wata babbar dabara ta riga ta sauka masa. Me zai sa ya mayar da jerin masu kyauta, ko ma jerin tsohon kekensa? Zai jera su yadda ake koya a lakwal, wato makarantar boko, A, B, C, har ƙarshe, yadda ɗalibi ba zai sha wahalar nema ba. Ya ce nan gaba duniya za ta kira shi Tsarin Mijinyawa, kuma ba zai hana kowa kwaikwaya ba.

Ranar Asabar ya fara mayarwa. Kilabiye ta farko ta ci masa awa uku, ta fito yadda yake so. Ta biyu ta ci biyu da rabi. Daga ta biyar ya ga rana na gudu, ya koma ɗiba da hannu yana cusawa inda ya samu rami. Wata ta sami E biyar babu O ko ɗaya. Wata ta sami lambobi a tsakiya kamar an watsa gyaɗa. Ramukan da suka rage, wajen arba'in, ya cike su da maɓallan riga daga shagon Tanimu, ya manna da gam ɗin faci, ya rubuta wa kowanne harafinsa da farin ruwan goge kuskure da ya rage masa tun zamanin ofis. Akwai na kaftani, akwai na wandon makaranta, akwai wani babba mai ruwan zinari na rigar amarya, wanda ya ba matsayin babban harafin da ake dannawa a aika umarni.

Ranar Lahadi ta sa mai ce. Man keken ɗinkin Tanimu ya ƙare a ta uku. Sauran tara suka sha kwalbar man gyaɗar Balkisa ta ƙarshe, ita kuma ta ce in aikin bai samu ba, ya shirya cin tuwo da kananzir. Kwana biyun nan duk babu kuran a Talladjé, don haka bai gwada ko ɗaya ba. Ya ce gwani ba ya ɗanɗana miyarsa. Ya lulluɓe kowace da ƙyalle, ya kulle ɗaki.

Ranar Litinin ya gayyato kowa. 'Yan fada suka zo, Balkisa ta zo, dangin ƙauye suka zo da Gwaggo a gaba, wadda ta ce ita dai iskar nan mai sanyi da ake labari take so ta ji. Ɗalibai ashirin da huɗu suka tsaya bibbiyu a bayan kujeru. Madam Aïchatou ta iso daga tasha da jakarta a kafaɗa daidai lokacin da motar kwamanda ta tsaya, don haka ba ta sami ɗaga ko ƙyalle ɗaya ba. Ta dai tsaya tana shaƙar iska, ta tambayi darakta ko wani yana suyar ƙosai a kusa.

Kwamandan dogo ne marar yawan magana. Ya ƙirga na'urori da sandarsa, goma sha biyu, ya gyaɗa kai. Darakta ya buɗe baki zai yi jawabi, Mijinyawa ya riga shi. Ya ce abin da za a gani yanzu aikinsa ne shi kaɗai, babu hannun darakta, babu na Madam, babu na kowa, kuma yana so a rubuta haka. Kwamanda ya ce wa na bayansa ya rubuta. Sannan aka yaye ƙyallaye.

Wata ɗaliba ta sa gefen mayafi a baki. Tanimu ya matso yana nuna wa na kusa da shi maɓallan da ya gane.

Kwamanda ya zauna a ta farko, wadda ta fi kyau, darakta ya miƙa masa takardar suna. Ya danna A, allo ya nuna Q. Ya danna B, ya nuna W. Ya ɗago ya dubi Mijinyawa, ya ce shi bai saba ya ce abu a yi wani ba.

"Ranka ya daɗe, sabon tsari ne, sai a hankali za ta saba," in ji Mijinyawa. "Ai mu ma haka muke yi."

Darakta ya dubi silin. 'Yan fada suka dubi takalmansu. Kwamanda ya koma ta huɗu ya danna babban maɓallin zinarin nan, maɓallin ya biyo yatsansa. Ya yarfe, bai fita ba. Yana cikin yarfewa sai ga kiyashi sun fara fitowa daga ƙarƙashin haruffa, layi-layi, ƙosassu, su kaɗai ne a Yamai suka ga damina a bana. Suka hau hannun rigarsa cikin tsari. Ɗaliban da suka riga suka zauna suka miƙe suna kakkaɓe jiki, wani ya ce tasa kilabiyen tana zamewa, wani ya ce shi sunansa Ousmane kuma babu O a tasa. Mijinyawa ya ce ya ara wurin maƙwabcinsa.

Madam Aïchatou ta ajiye jaka, ta zauna a ta farkon, ta ɗaga kai sama don kada ta ga abin da aka rubuta, ta bar yatsunta suka bi wuraren da suka sani. Na'ura ta buɗe. Ta buga haruffa biyu, jerin abin da ke ciki ya zubo a allo. Ta goge man da ke yatsunta a ƙyalle, ta yi bayani a hankali, kamar mai yi wa mara lafiya magana. Na'ura ba ta karanta abin da ke bisa harafi, wurin da aka danna kawai ta sani. Kalmar sirri kuwa da gangan ba ta fitowa, don kada na bayanka ya gani. Jerin da bai yi masa ba kuma, umarni ne na kalma biyu ke sauya shi, ba a kai ƙiftawar ido ba.

Mijinyawa ya ce duk ya san wannan, so yake ya ga ko ita ta sani.

Kwamanda ya miƙe, ya ɓamɓare maɓallin daga yatsansa ya ajiye a tafin darakta. Ya ce zai dawo bayan la'asar. In bai ga ɗalibai suna aiki ba, zai rubuta cewa an lalata kyauta, kuma yana da sunan wanda ya ce aikinsa ne shi kaɗai. Ya fita, kiyashi biyu suka bi shi a kafaɗa.

Mijinyawa ya fara naɗe hannun riga yana cewa a ba shi cokali. Babu wanda ya motsa. Sai Gwaggo Hamsatu, wadda tun ɗazu take zaune ƙarƙashin kilim ido rufe, ta ce wa Madam, "'Yata, akwai irin wannan da hannunsa bai taɓa ba?"

Madam ta ɗauko tata daga ofis. Gwaggo ta ɗora a cinya ta dube ta tsawon shan fura, tana motsa leɓe. Sannan ta aika a aro faifai uku a maƙwabta, ta zaunar da matan ƙauyen a baranda. Aka sake ɓamɓarewa, wasu na goge mai da tsumma, wasu na kai kilabiye rana kiyashi su watse, ita tana tsakiya tana kira: a ba ta tsani goma sha biyu, a ba ta maciji, mai ciki na hagu ba na dama ba. Ɗalibai suka durƙusa suna miƙa mata, cikin awa ɗaya su ma sun koma cewa ƙugiya da tsani. Inda rago da dara da soja suka yi giɓi, ta ce a yanka kilabiye ɗaya a cike sauran, yadda ake yi da tsohuwar tabarma. Mijinyawa ya yi ta kewaya su yana ba da shawara, har ta ba shi aikin korar ƙuda.

Da kwamanda ya dawo ya tarar da na'urori goma sha ɗaya a buɗe, ɗalibai na rubuta umarninsu na farko, ta sha biyun kuma an lulluɓe ta. Darakta ya ce ta ji rauni a bakin aiki. Kwamanda ya ce wannan yana faruwa. Ya tambayi wanda ya gyara, aka nuna masa tsohuwa tana kakkaɓe faifai. Ya ce to me ake jira, a ba ta aikin.

Darakta ya miƙa wa Mijinyawa hannu, Mijinyawa ya kama zai gaisa, darakta ya ce mabuɗi yake nufi. Gwaggo ta karɓa ta ƙulle a bakin zanenta. Madam ta ce aikin share ƙura ne da kunnawa da kashewa da hana mutane ƙara komai, kuma ba ta ga wanda ya fi ta iya na ƙarshen ba.

A fada da yammacin nan Mijinyawa ya bayyana cewa dama haka ya tsara. Babban ma'aikaci ba ya zama a ofis, wakili yake sawa, kuma gobe zai je ya duba yadda take riƙe masa wurin. Tanimu ya ce zai raka shi.

Washegari da hantsi suka isa. Ƙofa a rufe, sanyi na fitowa ta ƙarƙashinta. Mijinyawa ya ƙwanƙwasa da isa, Gwaggo ta buɗe kaɗan, ta dube shi daga hula har takalmi, ta ce Tanimu ya shigo ya sha iska.

"Kai kuma ɗan Yaya, in kallo ka zo, ga taga can. Ka sa hannuwanka a baya inda zan riƙa ganinsu."